Wa zai biya kuɗin gyara Kubanni da Galma: mai shan ruwa, gwamnati ko kamfanin ruwa?

Bazazzage_Hanwa:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ranar Asabar na bi bakin rafin Kubanni a nan Zariya da ƙafa ni da ɗana, za mu gaida kawuna a Tudun Wada. Abin da na gani ya hana ni sukuni. Leda ta fiya wata ta yi shimfiɗa a saman ruwa, wani lambatu yana kwararo baƙin mai daga garejin makanikai, ga yara suna wanka ƙasa da wurin kaɗan. Gaba kuma wani bawan Allah ya jefa tiyon injinsa cikin wannan ruwan yana ban ruwan latas da kabeji. Ɗana ya tambaye ni ko latas ɗin da muke ci ne, na rasa amsar da zan ba shi.

Kubanni cikin kogin Galma take zubawa, Galma kuma ita ce uwar ruwan Zariya. To ga tambayata. Idan kamfanin ruwa ya ce zai ƙara wani abu a kan bil, ya yi amfani da shi wajen kare bakin kogi, dasa itatuwa, da canza bututan da suka ruɓe, za ku yarda ku biya? In kun yarda, wa zai sa musu ido?

Maman_Ilham:
Wa alaikumus salam. Malam, mu ai tuni muke biya, sai dai 'yan ga-ruwa muke biya. Gidana jarka shida muke sha a rana, kowace naira 100. Naira 600 ke nan kullum, dubu 18 a wata, ban da ranar wanki. In ruwa mai tsabta zai zo min a famfo, wallahi ko dubu 10 aka ce zan bayar da farin ciki. Amma in ga ruwan tukuna.

Dan_Kwarbai:
Ni ban yarda ba. Tsabtace kogi aikin gwamnati ne. Harajin da ake karɓa a kasuwa da tasha na mene ne?

Injiniya_Kongo:
Dan_Kwarbai, ka ba ni aron kunnenka kaɗan, don na daɗe a harkar ruwa kafin na yi ritaya.

Kuɗin gudanar da ruwa a ko'ina a duniya ƙofa uku yake shigowa: bil da mai sha ke biya, harajin gwamnati, sai tallafin waje. Rance ba ƙofa ta huɗu ba ce, domin ranar biya daga bil ko haraji za a cire. Saboda haka ko ta wace ƙofa aka bi, aljihunmu ne, bambancin kawai shi ne ko muna gani ko ba ma gani.

Aikin ruwan Zariya da muka daɗe muna jira misali ne a gabanmu. Gwamnatin tarayya ta gina madatsar Galma a Kuzuntu, ƙaramar hukumar Kubau. Jiha ta ɗauki nauyin matata mai iya tace lita miliyan 150 a rana. Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe da Bankin Raya Afirka suka ba da rancen manyan bututai, tankuna da rarraba ruwa cikin unguwanni. Wannan duk kuɗin gini ne. Kuɗin riƙo daban: wuta, dizal, alam, kulorin, albashi, gyara. Shi ba a yanka masa ƙyalle, ba a kiran 'yan jarida, amma shi ne rayuwar aikin.

Ga inda muhalli ya shigo. Da damina in ƙasa ta zaizaye daga gonakin da ke sama da inda ake jan ruwa, ruwa kan iso matata ja wur kamar kunun kanwa. Dole a ƙara alam don laka ta dunƙule ta kwanta, dole a riƙa wanke matatun yashi akai-akai, kuma wankin nan da ruwan da aka riga aka tace ake yinsa. Lakar da ba ta iso matata ba kuma tana can tana cike cikin madatsa sannu a hankali. Duk buhun alam da aka ƙara kuɗi ne da za a iya ragewa da an riƙe ƙasar a gona. Shi ya sa nake cewa kare bakin kogi ba kwalliya ba ce ga kamfanin ruwa, ragin kashe kuɗi ne.

Dan_Samaru:
Injiniya ya faɗi gaskiya a kan laka. Duk wanda ya yi karatu a Jami'ar Ahmadu Bello ya san madatsar Kubanni da ke ba makarantar ruwa. Ɗalibai da malamai sun sha rubutu a kan yadda laka ke rage mata ciki. Ka je da rani ka ga gefenta, ƙafarka za ta gaya maka.

Manomin_Dakace:
Ina ta karantawa, na ga an fara juyo da magana kanmu manoma. Ni a bakin Galma nake noman rani, tumatir da attaruhu da albasa, gonar gado ce. Kun san abin da ake nufi da a bar taku goma ko ashirin daga bakin ruwa ba a noma ba? Wurin nan shi ne mafi albarka a gonar, nan damshi yake, nan tiyo ke kaiwa ba wahala. In an ce in bar shi in dasa itace, wa zai ciyar da iyalina kafin itacen ya girma? Ba ƙin gyara muke ba. Ni kaina bara ruwa ya cinye min kunya huɗu na gona, ina tsaye ina kallo gaɓa ta rufta. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, a zo a zauna da mu.

Hauwa_Muhalli:
Baba Manomi, maganarka ita ce zuciyar batun, kuma akwai inda aka gwada amsa ta. A Kenya, kogin Tana ne ke ba birnin Nairobi kusan duk ruwan shansa. A 2015 aka kafa asusun ruwa na yankin saman kogin, kamfanin ruwan birnin da kamfanin wutar lantarki da wasu masana'antu suka zuba kuɗi. Ba korar manoma aka yi ba. Da kuɗin aka taimaka musu suka yi gandun tare ƙasa a gangare, suka dasa itatuwan 'ya'ya da ciyawar dabbobi a bakin rafi, aka haƙa musu ramukan tara ruwan sama. Manomi ya samu, matata ta samu ruwa mai sauƙin laka. Birnin New York ma tun 1997 ya ƙulla yarjejeniya da mutanen tsaunukan da ruwansa ke fitowa, yana biyan kuɗin kare wurin maimakon gina katafariyar matata.

A nan me zai hana a ba ka mangwaro ko gwaiba ka dasa a gaɓa, da ciyawa mai riƙe ƙasa, a kuma biya ka wani abu na shekarun farko?

Manomin_Dakace:
In haka ne, 'yata, ni ne na farko a layi. Sharaɗi ɗaya: kuɗin ya zo hannun mai gona kai tsaye.

Sani_Birmingham:
Salam daga Ingila. Tambayar Malam Bazazzage ita ce rigimar da ake yi a nan shekara da shekaru, bari in ba ku labari tun da ni ma bil nake biya.

A 1989 gwamnatin Margaret Thatcher ta sayar da kamfanonin ruwa na Ingila da Wels ga 'yan kasuwa, aka kafa hukuma mai suna Ofwat ta zama alƙali. Duk shekara biyar kowane kamfani yana kawo jerin ayyukan da zai yi, ciki har da na muhalli da hukumar kare muhalli ta wajabta masa, Ofwat ta duba ta yanke iyakar abin da zai caji mutane. Kamfani ya ciyo bashi ya yi aikin, mu biya a hankali ta bil. A takarda tsarin ya yi kyau.

Abin da ya faru shi ne kamfanoni da dama sun tara bashi mai nauyi suna kuma raba riba ga masu hannun jari, alhali magudanan ƙazanta sun tsufa. A nan bututun ruwan sama da na bayan gida sau da yawa ɗaya ne, in ya cika sai a saki cikin kogi. A 2023 kaɗai an lissafa awa miliyan 3.6 ana sakin ƙazanta cikin koguna da teku a Ingila. A 2021 kotu ta ci Southern Water tarar fam miliyan 90. A watan Mayun 2025 Ofwat ta ci Thames Water, mai ba Landan ruwa, tarar sama da fam miliyan 122. A Disambar 2024 kuma aka amince da kashe fam biliyan 104 daga 2025 zuwa 2030, bil zai hau da kusan kashi 36 cikin ɗari a shekara biyar. Mutane suna cewa, mun biya jiya ba a yi ba, yau kuma mu sake biya? A Yulin 2025 gwamnati ta ce za ta rushe Ofwat ɗin ta kafa sabuwar hukuma.

In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Kada ku yarda da ƙarin ko kwabo sai an rubuta aikin da za a yi da shi, da ranar gamawa, da abin da zai faru in ba a yi ba.

Dan_Kwarbai:
To kun ji. Turawa ma abin ya gagare su, balle mu.

Sani_Birmingham:
Yaya, ba haka nake nufi ba. Ruwa yana zuwa famfo dare da rana a nan, kuma ana shansa kai tsaye. Inda aka yi sake shi ne sa ido a kan bashi da riba. Kuma ba duk Birtaniya ce tsari ɗaya ba: a Sikotland kamfanin na gwamnati ne, a Wels babban kamfanin ba shi da masu hannun jari tun 2001, abin da ya ragu cikin aikin yake komawa. Su ma suna da nasu laifin a kan koguna. Abu ɗaya da ya burge ni a tsarin 2025 zuwa 2030: an ɗaure kuɗi da takamaiman aiki, in kamfani bai yi ba, a mayar wa masu biya ta hanyar rage bil.

Lauya_GRA:
Don ƙarin haske, jiharmu ba ta rasa doka ba. Dokar samar da ruwa da tsabtar muhalli ta Jihar Kaduna ta 2016 ita ce ta mayar da tsohuwar hukumar ruwa kamfani, wato KADSWAC, ta kuma tanadi hukuma daban mai sa ido a kan masu samar da ruwa da farashinsu. Ga KEPA mai kula da muhalli a jiha, ga NESREA ta tarayya tun 2007, ga NAFDAC a kan ruwan leda da na gora, ga ma'aunin ingancin ruwan sha na ƙasa da aka fitar a 2007 aka sabunta a 2015.

Abin da nake jin tsoro a ko'ina aka yi irin wannan tsari shi ne, mai kamfani gwamnati, mai naɗa alƙali gwamnati, mai ba alƙali kuɗin aiki gwamnati. Kafin alƙali ya iya cin ɗan gidansu tara, sai an ba shi wa'adin da ba a tsige shi da wasa, da kuɗin shiga nasa na kansa, misali ɗan kaso daga bil. Sannan rahotonsa ya fito fili, da Hausa, a rediyo.

Mai_Kura_Tudun:
Ni ɗan ga-ruwa ne, shekara tara ina tura kura. Hajiya Maman Ilham, wallahi naira 100 ɗin nan ba duka tamu ba ce. Mai bohol yana karɓar nasa, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ya ninka kuɗin, ga hayar kura, ga faci. Ina so in tambaya: in famfo ya wadata, mu ina za mu?

Maman_Ilham:
Allah sarki, ban faɗa don in ɓata maka ba, ɗana. Ba don ku ba da ba mu yi girki ba.

Injiniya_Kongo:
Mai Kura, famfo ba zai shiga kowane lungu a shekara ɗaya ba. A ƙasashe da dama kamfani na kafa rumfunan sayar da ruwa masu mita, ya ba irinku riƙo, ku saya a farashin sari ku sayar a farashin da hukuma ta yanke. Ruwan ya fi na bohol tabbas, ku kuma kun samu rajista.

Tun da an ambaci bohol, Zariya a kan dutse take zaune, duk wanda ya kalli dutsen Kufena ya san haka. Ruwan ƙasarmu a cikin ruɓaɓɓen dutse na sama da tsagogi yake, ba shi da yawa. Kowane gida ya haƙa nasa, sai rijiyoyin maƙwabta su ƙafe da rani. Ga masai kusa da rijiya, alhali shawarar masana a bar aƙalla mita 30 tsakani. A cikin birni ina filin yake? Wannan ma gyaran muhalli ne, kuma babu mai magance shi sai ruwan famfo da ake iya dogara da shi.

Yar_Sabongari:
Ni abin da ya same mu zan faɗa. Layinmu kowa ya kira mai gyaran famfo ya ja masa siririn tiyo daga babban bututu, duk a cikin kwata aka shimfiɗa su, sun kai goma sha, an ɗaɗɗaure wuraren da suka fashe da robar taya. Wata damina ƙanwata ta tara ruwa a bokiti, muka ga yana da ɗan wari amma muka ce ai na famfo ne. Kwana biyu yaranta biyu suka kwanta da amai da gudawa, ƙaramin sai da aka sa masa ruwa leda uku. Na kwana a kansa ina jin numfashinsa. Allah ya tashe shi. Da aka tono tiyon, sai ga tsaga kamar an yanka da reza, a nutse cikin baƙin ruwan kwata. Mu muka shimfiɗa abinmu, ba wani ya yi mana ba.

Injiniya_Kongo:
Allah ya ƙara musu lafiya. Abin da ke faruwa shi ne, in an ɗauke ruwa bututu ya zama fanko, sai ya riƙa zuƙo abin da ke kewaye da shi ta tsagar. Da an kawo ruwa, wannan ƙazantar ce ke fara isowa bokiti. Shi ya sa in ni ne, kuɗin muhalli na farko kan fitar da bututai daga kwata zai tafi, kafin ma itatuwa.

Hauwa_Muhalli:
Baba Injiniya, a nan kam na saɓa maka kaɗan. Bututu kowa na ganinsa, ɗan siyasa ma zai so ya yi. Gaɓar kogi ba ta da mai magana da yawunta, in ba a ware mata kasonta tun farko ba, ba za a taɓa zuwa kanta ba.

Malam_Na_Gyallesu:
Wani ya tambaye ni a gefe ko ya halatta a sayar da ruwa, tun da hadisi ya ce mutane sun yi tarayya a ruwa da ciyawa da wuta. Abin da malamai suka yi bayani shi ne, ruwan kogi a inda yake na kowa ne, amma wanda ya ɗebo, ya tace, ya kawo maka ƙofar gida, yana da haƙƙin wahalarsa. Mu kuma tuna Sayyidina Usman ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya mayar da ita waƙafi. Masu hali a Zazzau za su iya ɗaukar nauyin bututun layi guda su bar shi sadaka mai gudana. Kuma shari'a ta hana ƙazantar da ruwan da mutane ke amfani da shi. Mai zuba baƙin mai a Kubanni ya san yana da tambaya a gaban Allah.

Akanta_PZ:
Malam, Allah ya saka da alheri. Ga masu ƙyamar rance saboda kuɗin ruwa, ina nufin riba ta bashi ba na famfo ba, akwai sukuk, wato takardar tara jari ta tsarin Musulunci wadda babu riba ta bashi a cikinta. Gwamnatin tarayya ta fara fitar da shi a 2017 na naira biliyan 100, an gina hanyoyi da shi, kuma kowa na ganin allon a bakin titi. A Disambar shekarar aka fitar da takardar lamuni ta muhalli ta farko. Sirrin sukuk shi ne an ɗaure kuɗin da aiki sananne. Kaduna kuma tana cikin jihohi bakwai na farko na SURWASH, shirin ruwa da tsabta na Bankin Duniya, na dala miliyan 700, wanda ake sakin kuɗinsa bayan an tabbatar da sakamako.

Amma babu mai ba kamfani bashi in bai san nawa yake tarawa ba. Mita, lissafi a buɗe, asusun muhalli daban wanda ba a taɓa shi don albashi. Kuma ofisoshin gwamnati da manyan makarantu su riƙa biyan bil ɗinsu kamar kowa.

Dan_Kwarbai:
Mita kuma? Mun ga yadda ta kasance da wuta. A Afrilun 2024 aka kai 'yan rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit. Haka za a yi mana da ruwa, talaka ya koma rafi.

Akanta_PZ:
Tsoronka yana kan hanya, Yaya. Maganinsa farashi mai hawa-hawa: ruwan sha da girki na farko a wata ya zama da arha, mai wankin mota da otal da masana'antar fiya wata su biya da tsada. Sai dai a lura da gidajenmu na cikin birni, inda iyali biyar ko shida ke kan famfo ɗaya. In ba a yi musu lissafi daban ba, mita za ta ɗauke su masu almubazzaranci.

Ba_Damagare:
A Nijar an raba abin biyu tun 2001: SPEN ta gwamnati ke da kadarori da manyan ayyuka, wani kamfani daban ke gudanarwa da karɓar bil. Da SEEN ce, mai haɗin gwiwa da Veolia ta Faransa, daga 2024 kuma gwamnati ta karɓe ta ba kamfaninta. Amfanin rabawar shi ne an san wanda za a tuhuma a kan gini, an san wanda za a tuhuma a kan riƙo.

Bazazzage_Hanwa:
Na gode ƙwarai, na ƙaru. Amma har yanzu baƙin man da na gani bai samu amsa ba. Me ya sa Maman Ilham za ta biya kuɗin share abin da gareji da mahauta da masu leda suka zuba? Ni a ganina wanda ya ɓata shi ya kamata ya fara biya, sannan a zo kan bil.

Makaniki_Kwangila:
Oga, ni makanike ne, kuma ba na zubar da baƙin mai, akwai masu saye. Masu zubarwa yawanci ba su da durom ɗin tarawa ne. A kawo durom a kowane gareji, a sa shugaban ƙungiya ya kula, wanda ya ƙi a ci shi tara. Za mu goyi baya.

Dan_Kwarbai:
Ni dai ina nan a kan bakana. A kawo ruwa wata shida ba yankewa, sannan a zo a yi min maganar ƙari.

Manomin_Dakace:
Hauwa, 'yata, ciyawar nan mai riƙe gaɓa da kika ambata, ina ake samun irinta a nan kusa? Ina so in gwada a wurin da ya rufta kafin ruwa ya sauka, ko da kuɗina ne.